Mai Zaƙi Ce, Baba

Idan aka faɗi wata magana a ɗaki, mai faɗin ya san ba haka take ba, wanda ake faɗa wa ya san ba haka take ba, kuma kowannensu ya san ɗayan ya sani, to wa aka yi wa ƙarya? Na daɗe ina juya tambayar nan a shagona, tsakanin fankar da ta ƙi juyawa da rediyon da ya ƙi magana. Na kai ta gaban waɗanda suka fi ni karatu, kowa ya ba ni amsar da ta yi masa daɗi, babu wadda ta zauna mini. Abin da na sani kawai shi ne, saura ƙiris a mayar da mahaifinmu asibiti a zura masa roba ta hanci saboda gaskiyar yayanmu.

Baba dillalin albasa ne tun kafin a haife mu. Yakan ɗauki guda daga buhu, ya danna wuyanta da babban yatsa, ya kai hanci, ya gaya maka ko a yashi ta girma ko a laka, ko manomin ya yi gaggawar cire ta. Bai gina bene ba, bai sayi mota ba. Dukiyarsa magana ɗaya ce, wadda muka ji har muka haddace: "Ni dai ba a taɓa yaudarar harshena ba."

Da tsufa ya zo, ya zo masa da ciwon hanji. Aka yi masa aiki, aka sallamo shi da dogon ɗinki a ciki da gargaɗin likita: in bai ci abinci ba, ɗinkin ba zai haɗe ba. Ƙanwarmu Auta tela ce. Ta rufe shagonta, ta ɗauko keken ɗinki ta kafa a falon Baba don ta riƙa jin motsinsa. Ni kuma ina leƙowa safe da yamma, tunda shagona ba shi da nisa.

Sai Baba ya ƙi cin abinci. Wanda babu albasa, in ji shi, kamar shiga gida ne babu sallama. Wanda aka sa wa albasa kuma, ja mai yajin nan da ake samu ko da yaushe, da ya kai loma baki sai ya dafe ciki ya juya fuska bango. Auta ta dafa, ta niƙa, ta tace, ta roƙa. Mutumin da ke saɓa buhu shi kaɗai ya koma ana ɗaga shi da hannu ɗaya.

Allah ya taimake mu, lokacin mai zaƙi ya kama.

Wanda bai san ta ba zai ce ai albasa albasa ce. Ba haka ba ne. Mai zaƙi faffaɗa ce, kamar wani ya zauna mata a ka. Ɓawonta fari-fari ne marar kauri, kana murzawa yana fita. In ka sa wuƙa, ruwa ne ke biyo ta, kuma ko kwando guda ka yanka idonka ba zai kawo ƙwalla ba. Aibinta ɗaya, ba ta da haƙuri. Ruwan da ya sa ta daɗi shi ke kashe ta. Ja mai yaji, jefa ta lungu ka manta da ita, za ka dawo ka same ta tana harararka. Mai zaƙi kuwa 'yan makonni take yi a kasuwa, in ta wuce sai baɗi.

Ranar da na fara kawo ta, Baba ya ce a miƙo masa. Ya juya ta a tafin hannu kamar mai duba jariri, ya ce kada wuta ta taɓa ta. Auta ta yanka zobe-zobe, ta yayyafa gishiri, ta matsa lemon tsami, ta ɗiga mai kaɗan. Ya ɗora a kan burodi ya ci, muna jin ƙararta a bakinsa, ruwan na bin gemunsa. Ya ce a ƙaro.

Daga nan gidan ya zama gidan albasa. Da safe a soya ta sama-sama a fasa ƙwai a kai. Da rana a gasa ta guda-guda da ɓawonta har ta yi laushi, a tsaga, a sa ɗan man shanu a tsakiya, ya ɗebe da cokali. Amma wadda ya fi so ita ce narkakkiya: a cika kasko da ita, a rage wuta, a bar ta ta saki ruwanta ta dahu a cikinsa har ta koma kalar zuma, a zuba a kan shinkafa mai laushi ko dafaffen kifi. Yana ci yana ba da umarni daga kan gado.

"Auta! Kada ki tara su a leda. Kowace ki naɗe ta a takarda, ki ware su. Ba sa son jikin juna, kamar ku."

Kumatunsa suka fara dawowa. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa wanke ɗinkin ta ce bakin ciwon ya fara haɗuwa.

Kullum da la'asar Direba yana zuwa. Shi ya yi wa Baba jigilar kaya daga gonaki a babbar mota tun suna samari, yanzu shi ma ya tsufa, ba abin da ya rage masa sai baki. Yakan jawo kujerar roba kusa da gado su yi ta tsokanar juna. Wata la'asar ya tarar da Baba yana lasar cokali.

"Ci da kyau, Mai Harshe," in ji Direba. "Saura kaɗan ta ƙare ka dawo layinmu, mu masu cin ja."

"Ni?"

"Kai fa. Yunwa ba ta san dillali ba."

"Wanda ya hau doki ba ya komawa jaki," in ji Baba. "Ranar da mai zaƙi ta ƙare, cokalina ya huta. Kai ne shaida."

Suka yi dariya. Ni ban yi ba, don na san mahaifina. Magana zarar bunu ce ga kowa, amma shi in ta fita a gaban abokinsa, gara ya mutu da ya bi ta ya dawo da ita.

Ta fara ƙanƙancewa a kasuwa, ta fara wuya, sai wata safiya na zagaya rumfuna ban samu ko ɗaya ba. Na dawo na tsaya a ƙofar kicin hannu rabbana. Auta ta dube ni, ta dubi ƙofar ɗakin Baba, ta rage murya.

"Koma ka sayo ja. Manya, masu tauri. Ka sako su a jakar kayan aikinka."

"Auta, Baba ne fa."

"Na san Baba ne. Kana da wata dabarar?"

Ba ni da ita. Na sayo.

Abin da yarinyar nan ta yi da albasar, ni na gani da idona. Ta yanka ta siri-siri, hawaye na zuba tana sharewa da kafaɗa. Ta jiƙa a ruwan sanyi da gishiri, ta zubar, ta sake jiƙawa, ta matse a farin ƙyalle har yajin ya fita. Sannan ta zuba a kasko da ɗan mai, ta rage gas har wutar ta zama kamar za ta mutu, ta rufe. Ta buɗe ta juya, ta rufe. In ta fara kamu ta yayyafa ruwa, ta kankare gindin kaskon. Ko ƙwayar sukari ba ta sa ba, don Baba na da ciwon suga. Tun hantsi take tsaye har azahar. Ɗinkin mutane ya taru a kan kujera, har wata mata ta zo ta ƙwace yadinta ta tafi tana zage-zage a bakin ƙofa.

Ta ɗauki kwanon ta shiga. Ina bayanta.

"Mai zaƙi ce, Baba."

Ya dubi kwanon. Ya ɗago ya dubi fuskarta, ya daɗe yana duba. Sannan ya ɗauki cokali.

"Ta ƙarshen lokaci ce," ya ce yana taunawa. "Takan ɗan yi nauyi."

Ya cinye tas. Haka aka ci gaba, kullum Auta a kicin, kullum "mai zaƙi ce, Baba," kullum kwano ya fito babu komai. Har ya fara takawa zuwa falo da sanda.

Sai Yaya ya zo.

Yayanmu ma'aikacin duba awo ne. Shi ke yawo kasuwanni da akwatin duwatsun ƙarfe, yana gwada sikelin 'yan kasuwa, wanda ya karkace ya sa masa jan fenti. Ba ya karɓar ko ruwan sha a rumfar kowa. A bayan idonsa Sikeli muke ce masa. Ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, ko ta wasa, kuma ya san da haka, yana ɗauke da ita kamar sabuwar hula. Aiki ya kai shi nesa tun bayan sallamar Baba, sai waya. Ranar da ya samu hutu ya iso da 'ya'yan itatuwa a leda, ya gaida Baba, ya shiga kicin neman ruwa. Ya fito yana murza wani abu a yatsunsa.

Baba na zaune yana ci, Direba na kan kujerarsa.

"Ikon Allah," in ji Direba. "Har yanzu ana samunta?"

"Wanda ya san hanya yana samu," in ji Baba. "Kai mota kawai ka sani."

"Ba a samu," in ji Yaya.

Na matsa kusa da Yaya. Na yi masa ido, na taka masa ƙafa. Ya janye ƙafarsa kamar na zuba masa datti.

"Kullum ina kasuwa, Baba. Mai zaƙi ta ƙare tuntuni." Ya buɗe tafin hannunsa, ga ɓawon ja mai kauri da ya tsinto a kwandon shara. "Wannan suke ba ka. Auta, ba ki ji kunya ba? Mahaifinki yana kwance, ki mayar da shi yaro?"

Direba ya dubi ɓawon, ya dubi kwanon, ya dubi Baba. Ba da mugunta ya yi ba, na tabbata, amma dariya ta ƙwace masa har yana dukan cinya.

"Mai Harshe! Yau kuma? Harshen da ba a yaudara, ashe tela ce za ta yi masa ɗinki!"

Cokalin na tsakanin kwano da baki. Baba ya mayar da shi a hankali.

"Ɗauke," ya ce wa Auta, bai dube ta ba.

"Baba..."

"Na ce ɗauke."

A tsakar gida na tare Yaya. Na ce masa ya koma ya ce kuskure ya yi, ya ce ɓawon na girkinmu ne mu, ba na Baba ba. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Ba zan yi wa mahaifina ƙarya ba. Ko ta kalma ɗaya."

"Kai ka tsaya a kicin? Kai ka ɗaga shi zuwa bayi?"

"Wannan dabam, wancan dabam. Gaskiya ɗaci gare ta."

Ya wanke hannunsa a famfo, ya share da hankici, ya tafi. Yadda ya share hannun nan, yatsa bayan yatsa, shi ya fi tsaya mini a rai. Mutum ya shigo gidan da bai kwana ba, ya fasa abin da bai gina ba, ya fita yana jin ya yi aikin lada.

Baba ya koma shan ruwan shayi kaɗai. Auta ta yi masa abinci babu albasa, ya juya bango. Ta yi narkakkiyar ta kai, ta ce, "Ja ce, Baba, amma ka san ba ta ƙona ka." Ya ce ta fita da ita. Direba ya zo da hularsa a hannu yana cewa wasa yake yi, Baba ya amsa gaisuwarsa kamar baƙo. Kumatun da aka sha wuya kafin su dawo suka zube. Ma'aikaciyar jinya ta buɗe bandeji, ta duba, sannan ta kira ni waje: ɗinkin ya fara buɗewa ta gefe yana ruwa. In bai ci ba zuwa zuwanta na gaba, sai asibiti, a ba shi abinci ta hanci. Baba kuwa ya sha gaya mana ko gawarsa kada a bi da ita ta ƙofar asibitin nan.

Na shiga na zauna a bakin gadonsa. Raina a ɓace yake, ban ɓoye ba.

"Baba, ka yafe wa yarinyar nan. Don kai ta yi. In laifi ne, ni na sayo."

"A jakar kayan aikinka," ya ce. "Har yanzu warinta take yi."

Na dube shi.

"Kai ma kana tsammanin ban sani ba?" Muryarsa ta dushe, sai da na sunkuya. "Mai zaƙi ba ta sa hawaye. Kullum yarinyar nan tana shigo mini da ido jawur kamar garwashi. Ka taɓa jin na sake cewa a kawo mini ɗanya?"

Ban taɓa ji ba. Tun ranar da aka fara, bai ƙara neman ɗanya ba, ni kuma ban lura ba.

"To tunda ka sani, ka ci mana!"

"Da ina ci, ba wanda ya ce komai. Ita ta ce mai zaƙi ce, ni na ce to. Ta rufa mini asiri, na rufa mata." Ya numfasa. "Yanzu in na ci, me na zama? Ko dai wawan da aka yaudara, ko wanda ya lashe amansa don ciki. Zaɓar mini ɗaya."

"Saboda Direba? Saboda dariyar tsoho ɗaya za ka bari ɗinkinka ya ruɓe?"

"Me na tara a duniya, in ba maganar nan ba?"

Ya rufe ido. Na fito ina jin haushin su biyun, ban san wanda ya fi ba.

Washegari na rufe shago na hau mota na bi Yaya kasuwar da yake aiki. Na same shi a rumfar wani mai sayar da wake, ya jera duwatsunsa a kan tebur, mai rumfar na tsaye yana zufa. Na jira ya gama, na ja shi gefen kwata na gaya masa duk abin da Baba ya ce. Na ɗauka zai girgiza. Sai ya ci gaba da tattara duwatsunsa.

"To ka gani. Ya sani, ta sani, kun sani. Duk kuna wasan kwaikwayo."

"Wa aka cuta?"

"Haka mai waken can ya ce mini yanzu. Wai kowa ya san sikelinsa na da ɗan ciwo, masu saye sun saba. Daga 'kowa ya sani' ake fara ruɓewa."

"Mai wake yana rage wa mutane ne. Auta me ta rage wa Baba? Ƙara masa ta yi."

"Ka tuna ranar da na jera manya a bakin buhu, na ɓoye ƙanana a ƙasa?" in ji shi. "Kai kana ƙarami. A gaban mutane Baba ya zazzage buhun, ya sa na tsince su ɗaya-ɗaya a cikin rana. Ya ce ɗansa ba zai nuna wani abu ya sayar da wani ba. Shi ya yi ni haka. Yau kuma in zo in ce masa ja fara ce?"

Maganar ta ƙara mini haushi. Ana cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba. A gidanmu ta yi, har ta zarce.

"Maganarka kaɗai Direba zai yarda da ita," na ce. "In ni na faɗa, ko Auta, dariya zai ƙara. Kai ka kwance kurar nan, kai za ka ɗaure ta."

"Ba da ƙarya ba."

"To da me? Da duwatsunka? In aka zura masa robar, sai ka zo ka auna ta."

Ya rufe akwatinsa da ƙarfi. "Zan samo masa ta gaske."

In ba shi haƙƙinsa, ya nema. Ya bi dillalai, ya bi masu ɗakunan sanyi, ya hau mota zuwa kasuwannin da ba yankinsa ba. Ana gobe ma'aikaciyar jinya za ta dawo, da hantsi, sai ga shi da ƙura har gira, riƙe da kwali. Direba ya riga shi zuwa, don tun da abin ya faru ya daina jiran la'asar, yana zuwa ya zauna shiru kamar mai zaman makoki. Yaya ya wuce kai tsaye ɗakin Baba ya buɗe kwalin. Faffaɗa ne, farare, kowace a naɗe da takarda.

"Na samo, Baba. Wani mai ɗakin sanyi ya ajiye. Mai zaƙi ce ta gaske."

Direba ya leƙa. "Wallahi ita ce!"

Baba ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya. Na ga babban yatsansa ya danna wuyanta, ya tsaya. Bai kai ta hanci ba. Ya mayar da ita cikin takardarta.

"A narka ta," ya ce. "Kada a kawo mini ɗanya."

A kicin Auta ta sa wa ta farko wuƙa. Wajen lafiya lau, cikin ya koma baƙin ruwa, wari ya bugi hancinmu. Ta yanka ta biyu, haka. Yaya ya karɓi wuƙar da kansa ya bi sauran, yana tsagawa yana turewa, har kwalin ya ƙare. Ko zobe ɗaya mai kyau ba a samu ba. Sanyi ya riƙe musu fata ne kawai, zuciyar ta daɗe da mutuwa.

Ya tsaya da wuƙa a hannu yana kallon tulin.

"Sai ka je ka gaya masa," in ji Auta. Ta jawo kujera 'yar tsugunne ta zauna, ta harɗe hannu. "Ai kai ne mai gaskiya. Ga ƙofa can."

Bai motsa ba. Ta cikin bango muna jin muryar Direba, ta dawo da ƙarfinta, yana ba Baba labarin wata tayar da ta fashe musu a kan gada. Muka ji Baba ya yi 'yar dariya, irin wadda muka kwana biyu ba mu ji ba.

"Akwai ja a gidan?" in ji Yaya, can ƙasa-ƙasa.

Na jawo jakar kayan aikina na zazzage a gabansa.

"Auta, ki..."

"A'a. Ni mai yaudara ce, idona ya huta. Wanda ya farke shi zai ɗinke."

Ya naɗe hannun rigarsa ta aiki. Bai iya riƙe albasa ba, yana yanka ta kamar mai faskare.

"Siri-siri, Yaya. Ba itace ba ne."

Kafin ya gama ta uku hawaye sun wanke masa fuska, majina na bi. Ya kai hannu zai share, Auta ta ce ya ci gaba, zai ƙara wa kansa ne. Ta sa shi ya jiƙa, ya zubar, ya sake jiƙawa, ya matse a ƙyalle. Ya ɗora kasko ya murɗa gas har ƙarshe.

"Rage. Ƙara ragewa. Albasa ba ta son mai gaggawar yanke hukunci."

Ya tsaya a kan kaskon nan har rana ta take tsaka. Ya buɗe, ya juya, ya rufe. Sau ɗaya ta kama, ya firgita, Auta ta miƙa masa kofin ruwa ba tare da ta tashi ba. Ni ina jingine da ƙofa, kuma ba zan ɓoye ba, ban ji tausayinsa ba. Ina ta tunanin yarinyar da ta yi wannan tsayuwar kullum ita kaɗai, aka biya ta da "ba ki ji kunya ba". Sannu a hankali tulin ya sauka, ya yi laushi, ya koma kalar zuma, ƙamshin ya cika gidan. Auta ta ɗanɗana a bakin cokali, ta ƙara ɗan gishiri, ta zuba a kan shinkafa. Ta ajiye kwanon a kan tebur ta koma kujerarta.

Yaya ya wanke fuska a famfo. Bai yi amfani ba, idanun sun kumbura sun yi jawur. Ya dube ni. Na matsa na ba shi hanya.

Ya ɗauki kwanon da hannu biyu. Na bi shi, Auta ta tsaya a bakin labule.

Direba ya shaƙi ƙamshin ya gyara zama. "To, ma'aikaci, kai dai ba ka ƙarya, kowa ya shaida. Wannan ce ka shigo da ita ɗazu, ko an sake yi wa abokina ɗinki?"

Yaya ya matsa gaba. Ya durƙusa a gaban gado ya miƙa kwanon.

"Ita ce," ya ce. "Mai zaƙi ce, Baba."

Baba bai dubi kwanon ba. Fuskar babban ɗansa ya duba, ya daɗe yana duba, kamar yadda ya dubi ta Auta ranar farko.

"Kai, me ya sami idonka haka?" in ji Direba.

"Hayaƙi ne," in ji Baba. "Kai dai ka cika tambaya. Miƙo mini cokalin can."